MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA, ATTAJIRIN DA YA SAN KASUWA KAFIN YA SHIGE TA

Duk wanda ya fita birnin Kano ya nufi arewa wajen Ungogo da Minjibir da Ɗambatta, ko kuwa ya bi hanyar Katsina ya ratsa Dawanau zuwa Bichi, zai ga ƙasa wadda ba a bar ko kamu ɗaya nata a banza ba. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, ga kuka da gawo da ɗorawa tsaitsaye cikin shuka. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, amma manomanta sun gaji sa taki tun kaka da kakanni, har da jakuna su kan ɗauko shi daga cikin birni. Daga irin waɗannan ƙananan gonaki ne aka sami gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano, wadda ta kai sunan Nijeriya ta Arewa kasuwannin Turai. In kuwa aka yi zancen dalar gyaɗa, sunan da ke fara zuwa bakin kowa shi ne na marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata.

Yawancin masu ba da labarinsa su kan tsaya ne ga yawan dukiyarsa. Mu abin da mu ke so mu duba tare da masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna masu ajiye ɗan abin da ya ragu daga albashi da niyyar kama wata sana'a, shi ne yadda mutumin nan ya kan san halin kasuwa tun bai zuba kuɗinsa a ciki ba. Arziki na Allah ne, ya kan ba wanda ya so. Amma tambaya da lura da lissafi abubuwa ne da kowa ke iya koya, ko da jarinsa bai wuce na tallan goro ba.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu maso yamma da birnin Kano, cikin shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Gidansu na Agalawa ne, watau mutanen nan da suka shahara da fataucin goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifinsa, Abdullahi, falke ne, ya kuwa rasu tun Alhassan yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Mahaifiyarsa, wadda a ke kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Bayan rasuwar mijinta sai ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne ya sami laƙabin da ya bi shi har duniya ta san shi da shi.

Ya yi karatun allo a Bebeji cikin halin maraici, yana 'yan aikace-aikace don ya sami abin kai wa baki. Tun a nan ya koyi tattali. Da ya tasa sai Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, ta kuwa taɓa fatake ƙwarai, gama an rufe hanyoyi, an washe dukiyoyi, an kama mutane da yawa. Masu ba da tarihin gidan sun ce shi ma yana cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Da ƙura ta lafa ya kama sana'ar iyayensa, ya shiga ayarin Gwanja.

MAKARANTAR HANYAR GWANJA

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan fatauci, don a cikinsa ne ya yi karatunsa na kasuwa. Ayari ya kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna da takarkarai, ɗauke da baƙaƙen tufafin da aka rina a Kura, da kanwa, da jan fata. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu da ta Dagomba, har a isa Salaga, inda goron dazuzzukan Asante ke fitowa. Zuwa da dawowa ya kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Goro kuwa ba kayan ajiya ba ne irin gishiri. Sai an naɗe shi cikin ganye, ana kwance huhun a kai a kai, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama. Falken da ya yi kuskuren lokaci, ko ya iso kasuwa bayan wani babban ayari ya riga ya cika ta, to ya yi wahalar wata shida a banza.

Saboda haka fatake suka mai da neman labari rabin sana'arsu. A kowane zango in ayari mai zuwa ya gamu da mai dawowa, kafin a kwanta sai an ji nawa ƙwaryar goro ta ke a baya, wane sarki ya ƙara kuɗin fito, ina a ke yaƙi, wane irin zane ne a ke nema bana. A kowane babban gari kuma akwai fatoma, watau maigidan da baƙo ke sauka wurinsa. Shi ke ba shi masauki da ɗakin ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda ya cancanci a ba shi bashi da wanda ba a ba shi. La'adar da fatoma ke karɓa, in an duba, kuɗin labari ne da na amana. Abin da masu ilmin kasuwanci na yanzu ke kira binciken kasuwa, kakanninmu sun daɗe suna yinsa a bakin wuta a zango, ba su dai sa masa suna ba ne.

Abin da ya bambanta Alhassan da tsararrakinsa shi ne ya lura hanyar kanta tana sakewa. Tun da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin cikin gida na 1892 kuma ya ƙarasa ta. A 1903 jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Sekondi a bakin teku, ga kuma jiragen ruwa suna kai da kawowa tsakanin Sekondi da Ankara da Ikko. Da ya ke mahaifiyarsa na zaune a Ankara, ya ga wannan da idonsa. Wajen 1906 ya riga ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ikko, yana cikin fataken Kano na farko da suka yi haka. Tafiyar da ta ke cin watanni ta koma ta makonni, goron ya kan iso da sauran ɗanyensa, jarin kuma ya juya sau da yawa cikin shekara maimakon sau ɗaya. Ya haɗa da duwatsun wuya da yadudduka na kanti, waɗanda ya san matan Kano na so. Da reluwe ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai ya zama shi hanyar ta zo ta tarar a shirye. Wajen wannan lokaci ne ya tare a birnin Kano, ya kafa gidansa a unguwar Sarari.

TURAWA SUN ZACI AUDUGA, MANOMA SUKA ZAƁI GYAƊA

Zuwan jirgin ƙasan nan shi ya kawo babban darasin da mu ke so a riƙe. Masu masaƙun Ingila sun kafa wata ƙungiya ta noman auduga a Mancesta a 1902, don suna tsoron dogara ga audugar Amurka kaɗai. Sun ji labarin Kano ƙasar saƙa da rini ce tun zamanin da, sai suka ɗauka in dai an shimfiɗa dogo, auduga za ta riƙa kwarara zuwa teku. Wannan zato yana cikin manyan dalilan da suka sa aka yarda a 1907 a kashe kuɗin gina hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka raba iri, aka zauna jira.

Sun auna ƙasa, sun auna ruwan sama, sun lissafa kuɗin jirgi. Abin da ba su auna sosai ba shi ne nawa masaƙin Kano ke biya. Kuɗin da ƙungiyar ta yanka wa auduga bai kai abin da masu kaɗi da masaƙa na gida ke saye ba, saboda haka manomi ba shi da dalilin kai wa Bature. Ana cikin haka kuma a can Turai masana sun gano dabarar daskarar da man tsirrai, a yi wani abin shafawa a burodi mai kama da man shanu. Nan da nan masu masana'antu suka shiga neman gyaɗa, kuɗinta ya tashi, kamfanonin da suka biyo jirgi zuwa Kano suka fara tambayarta.

Manomin Bichi ko na Gezawa bai san da wannan dabara ta Turai ba, amma ya yi nasa lissafin, ya kuwa yi daidai. Gyaɗa na son jigawa, auduga ta fi son ƙasa mai nauyi irin ta kudancin Katsina da Zariya. Gyaɗa ta kan zauna tsakanin kunyoyin gero da dawa ba ta hana su ba, ba ta kuma gajiyar da gona. Harawarta abincin tumaki ne da jakuna da rani. In kasuwa ta faɗi, ana cinta, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, alhali kuwa ba wanda ya taɓa yin tuwon auduga. Ga shi kuma haraji ya koma na tsabar kuɗi. Manyan fataken goro na Kano, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, su suka fara gane inda iska ta dosa. Suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna shaida wa manoma za su sayi duk gyaɗar da aka noma. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, a 1916 kuma ta kai wajen tan 50,000. Tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa.

SHIGARSA CINIKIN GYAƊA

Abin lura shi ne Alhassan bai yi gaggawar zuba jarinsa duka cikin wannan sabon ciniki ba. Ya ci gaba da goronsa da kayan kantinsa. Shekarun kuwa ba su zo da sauƙi ba. Damina ta ƙi a 1913, aka yi babbar yunwa a 1914 wadda ta fi tsanani a arewacin Kano, ga Yaƙin Duniya na Farko ya rufe kasuwar Jamus, ya kuma rage jiragen ruwa. Mu a ganinmu wannan jinkiri ya amfane shi, don ya ga hawan gyaɗa, ya ga saukarta, ya ga inda na gabansa suka yi tuntuɓe. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa, ya amsa. Kafin 1922 ya riga ya wuce sauran attajiran Kano.

Ga yadda cinikin ke tafiya. Baturen kanti na zaune a Kano kusa da tasha, yana da sikeli da kuɗi, waya kuma na kawo masa farashin Ingila. Amma bai san Hausar ƙauye ba, bai san wane dagaci ne mai cika alkawari ba, bai san ko ruwa ya sauka a Ɓaɓura ko bai sauka ba. Manomi kuma ya san gonarsa, bai san abin da a ke saye a bakin teku ba. Alhassan ya tsaya a tsakani yana riƙe da labarin kowane gefe. Ya ɗauki tsarin nan na maigida da yaransa, wanda ya gada daga fataucin goro, ya shimfiɗa shi a kan gyaɗa. Ya kan ba yaran gidansa jari, su kuma suna da nasu yaran a kasuwannin ƙauye, masu saye da mudu da tiya har buhu ya cika. Yawancinsu mazauna wurin ne ko masu dangi a can. Irin wannan mutum ya san wanda ya shuka da wuri, ya san unguwar da fari ya taɓa, ya san mai bukatar kuɗin biki tun kafin kaka. In sun zo yin lissafi gaban maigida, labarin amfanin gona na gundumomi da yawa ya kan taru a zaure guda. Da haka mai jari ke sanin inda zai tura kuɗi da buhuna da jakuna, da inda zai janye hannu.

Wani abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne bai dogara ga kaya iri ɗaya ba. Cinikin gyaɗa na kaka ne da farkon rani, amma yaransa ba su zama haka nan sauran shekara, suna kan goro da shanu da tufafi da hatsi. Manomin da ya sayar musu da gyaɗa shi ne kuma mai sayen goro da zane a hannunsu, don haka sun san lokacin da kuɗi ke hannun talakawa da lokacin da babu. Da aka haɗa Kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa U.A.C. a 1929, shi ne ya zama babban mai kawo musu gyaɗa a Arewa. A wannan shekara ce kuma aka buɗe reshen bankin Ingila na Afirka ta Yamma a Kano, ya kai ajiyar da har yanzu a ke labari, watau kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk da haka waɗanda suka san shi sun shaide shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali tun farkon shekarun 1920, ya kuma biya wa mutane da yawa kuɗin zuwa Makka.

KASUWA BA TA DA AMINI

Kada mai karatu ya ɗauka sanin kasuwa na hana ta juyawa. A farkon shekarun 1930 ciniki ya mutu a duniya duka, kuɗin gyaɗa a Kano ya faɗi har ya gaza rabin abin da aka saba. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa da suka ci bashi suka tara kaya suna jiran tashi sun karye. Wanda ya raba ƙafa, ya kuma ajiye tsabar kuɗi, shi ya tsaya. Wajibi ne kuma mu faɗi cewa nauyin irin wannan shekara ya fi sauka a kan manomi. Wanda ya karɓi kuɗi tun da damina bisa alkawarin gyaɗa ba shi da bakin yin ciniki ran awo, haraji kuwa bai ragu daidai da faɗuwar kasuwa ba. Rashin sanin farashin Kano ya sa an sha cutar mutanen ƙauye wajen ma'auni da wajen kuɗi. Labari dukiya ne, wanda ba shi da shi kuwa shi ke biyan wanda ke da shi.

Daga Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa, a 1949 kuma aka kafa hukumar cinikinta, wadda ke yanka farashi guda kafin kaka. A waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa ta yawaita a Kano, saboda jirgi ya kasa kwashe abin da a ke nomawa. A kan jera wajen buhu 15,000 a dala guda. Da ya ke yanzu kowa ya san farashi, sai gasa ta koma wajen sanin inda kaya su ke da arahar ɗauko su. Alhassan ya juya ya bi zamani, ya sami lasin na sayen gyaɗa wa hukumar kai tsaye, abin da a da ya ke hannun kamfanonin Turawa da Kwarori. Ya kuma zauna cikin majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, yana ba da shawara kan al'amuran ciniki.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari gidan ciniki ya watse. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu, suka ci gaba da harkar. Alhaji Aminu ya rasu a 2025. Alhaji Aliko Ɗangote kuma jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa. Ita gyaɗar kuwa, bayan Nijeriya ta kai matsayin ƙasar da ta fi kowace fitar da ita cikin shekarun 1960, farin 1972 zuwa 1973 da cutar da ta kama shukar a 1975, tare da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, suka kawo ƙarshen dala. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986.

ABIN DA MAI ƘARAMIN JARI ZAI ƊAUKA

Gonakin arewacin Kano suna nan, manomansu kuma ba su daina lissafi ba. Kasuwar Dawanau ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, riɗi da zoɓo da wake sun shiga gurbin da gyaɗa ta bari. To, malamin da ya tara ɗan abinsa yana so ya riƙa sayen riɗi a ƙauye yana kaiwa Dawanau, ko ya kafa injin niƙa, ko ya buɗe ɗan kanti, me zai koya daga wannan tarihi?

Da fari, ya san farashi a wurin saye da wurin sayarwa, ya je da ƙafarsa ya gani, gama gani ya kori ji. Kada ya tsaya ga ranar kasuwa ɗaya. Ya sami littafi ya riƙa rubutawa mako-mako, daga kaka zuwa bazara, har ya gane lokacin hawa da na sauka. Sa'an nan ya lissafa abin da ke tsakanin kasuwannin biyu, watau kuɗin mota da na dako da na buhu da la'ada da abin da zai zube ko ya lalace, don sau da yawa ribar da a ke hange daga nesa a hanya ta ke ƙarewa. Ya tambayi mai saye abin da ya ke so, da nawa wani ke sayar masa, kada ya maimaita kuskuren masu auduga, waɗanda suka gina dogo tun ba su san kuɗin da masaƙi ke biya ba. Mai son kafa inji ya ƙidaya injinan da ke garin tukuna, ya zauna ya ga kwano nawa a ke kawo wa kowanne a yini. Ya nemi amintaccen mutum mazaunin wurin, ya biya shi hakkinsa ba tare da ƙwange ba, don wayar hannu na kawo farashi cikin ƙiftawar ido, amma ba ta faɗin wanda ke jiƙa kaya don su yi nauyi. Ya fara da buhu biyu kafin ya sayi ashirin, kada kuma ya zuba jarinsa duka wuri guda. In Allah ya buɗa masa, ya tuna da manomin da ke gabansa, ya cika mudu, ya faɗi farashin gaskiya, don mutumin da aka cuta bana ba zai kawo kaya ko labari baɗi ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Maraya ne ya tashi a hannun tsohuwa a Bebeji, ya riƙe wannan magana har raƙuma suka kai kuɗinsa banki. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta masa, ya sa albarka cikin neman kowane mai nema na halal, amin.